Jitar Bes Ta Oda: Wane Ƙarfe Da Wace Waya Suka Cancanci Kuɗinka?

Duk inda makaɗan jitar bes, wato jitar lantarki mai zurfin murya, suka haɗu, a situdiyo ne ko bayan an tashi daga atisaye, gardamar ba ta cika wuce uku ba. Mai batir ta fi ko marar batir? Jaki mai nauyi yana ƙara wa sauti tsawon rai, ko kuwa nauyin banza ne a kafaɗa? Kuma in mutum ya zuba kuɗi ya sayi kayan kamfanonin da suka yi suna, shi ke nan ya samu sautin da yake nema? Gardamar ta fi shafar wanda ya ce ba zai sayi ta kanti ba, zai ba masassaƙi oda a ƙera masa tasa, domin a nan kowane sukuru shi zai zaɓa, kuma ramin da aka fafe a katako ba ya komawa.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne ɗaukar cewa tsadar kaya ce ke raba bes mai kyau da marar kyau. Mafi yawan besin oda da ke ba masu su haushi, rashin daidaiton awo ne ya ɓata su: fikof mai tsada da bai yi daidai da tazarar tsirkiya ba, kunnuwan da suka fi ramin kai girma, na'urar batir da ba a bar mata wuri ba. Tsada tana da nata muhalli, amma awo ke gaba.

Sunayen kayan tukuna

Tsirkiyoyin bes huɗu ana kiransu E, A, D da G, daga mai kauri zuwa siririya; in biyar ne, ta biyar ɗin B ce, wadda ta fi su duka kauri. Tsirkiyar bes tana ɗaure ne a wurare biyu. A ƙasa, bisa gangar jiki, akwai jaki, irin sunan da masu goge da garaya ke kiran abin da tsirkiya ke hawa, sai dai na bes ƙarfe ne mai sirdi ɗaya-ɗaya ga kowace tsirkiya. Makaɗa kan ce masa birij. A sama akwai matashi, ɗan guntun ƙashi ko roba mai tsagi a bakin wuya, sannan kunnuwa, waɗanda ake murɗawa a ɗaure ko a sassauta. Cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke hana shi lanƙwashewa, a kansa kuma akwai firet, siraran ƙarafan da ke jere a gicciye inda ake danna tsirkiya. Waɗannan su ne ƙarafa.

Ɓangaren waya kuwa ya fara daga fikof, wato maɗaukin sauti: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ya haifar da 'yar wutar lantarki mai rauni. Daga nan wutar ta bi ta mamurɗai na daidaita ƙara da sauti, waɗanda masu gyara ke kira fot, ta fita ta soket zuwa amfilifaya. Idan an saka ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi a tsakani, wadda ake kira firiyam, bes ta zama mai batir. Idan babu, marar batir ce.

A sayi kaya kafin a taɓa katako

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace ceton kuɗi. Kada masassaƙi ya huda ko rami ɗaya sai jaki da fikof da kunnuwa da mamurɗai suna gabansa, ya auna su da hannunsa. Hoton da ke shafin mai sayarwa ba ya wadatarwa, ballantana kayan kwaikwayo da kan bambanta da na asali da milimita ɗaya ko biyu.

Awo na farko shi ne tsawon tsirkiya daga matashi zuwa sirdi. Tun da Leo Fender, maƙerin jita na Amurka, ya fito da Precision Bass a 1951 da inci 34, wato milimita 864, wannan ya zama ma'aunin da kusan kowa ke bi. Akwai gajeru masu inci 30, masu sauƙin kamawa da sauti mai taushi. Akwai masu inci 35, galibi a bes mai tsirkiya biyar, domin tsirkiyar B ta ƙasa ta yi tsauri, kada ta riƙa lilo. Sai dai mai zaɓen inci 35 ya sani cewa ba kowane saitin tsirkiya ke kaiwa ba, dole ya riƙa neman mai ƙarin tsawo, alhali wanda ya fi yawa a shaguna na inci 34 ne.

Awo na biyu tazarar da ke tsakanin tsirkiya da 'yar'uwarta a kan jaki. Bes mai tsirkiya huɗu irin ta Fender milimita 19 ce. Masu biyar suna kamawa daga 16.5 zuwa 19. Mai dukan tsirkiya da babban yatsa yana fizgo ta ya fi son fili, mai gudun yatsu ya fi son matsi. Abin lura shi ne wannan lamba guda tana jan abubuwa uku: faɗin wuya a gindinsa, irin jakin da za a saya, da tsawon fikof. Idan jaki na 19 ne, fikof kuma an yi shi don 16.5, tsirkiyoyin gefe za su kauce daga kan maganaɗisu, sai a ji B da G sun yi rauni, na tsakiya suna ihu. Babu mamurɗin da zai gyara wannan. In ana shakka, a ɗauki fikof mai dogon ƙarfe a kwance maimakon mai ɗigo-ɗigon maganaɗisu, ya fi yafe ɗan kuskure.

Fikof: iri da wurin zama

A nan sauti yake, kuma a nan ya kamata kaso mafi girma na kuɗin waya ya tafi.

Iri uku ne suka mamaye duniya. Na farko salon P, na Precision Bass, wanda Fender ya sauya a 1957 ya raba shi gida biyu, rabi yana ɗaukar E da A, rabi D da G. An naɗe rabin biyu a saɓa da juna, don haka gurnanin wuta da ɗaya ya ɗauko sai ɗayan ya kashe shi. Sautinsa mai kauri ne a tsakiya, yana zama daram cikin taron kayan kiɗa ba tare da an wahala ba. Na biyu salon J, daga Jazz Bass ta 1960: dogayen fikof biyu masu naɗi ɗaya-ɗaya, ɗaya wajen wuya, ɗaya wajen jaki. Sun fi tsabtar murya da kaifi, amma kowane shi kaɗai yana gurnani, sai an buɗe su biyu daidai wa daida suke kashe na juna. Na uku babban fikof mai naɗi biyu irin na StingRay, wanda kamfanin Music Man ya fitar a 1976, yana zaune kusa da jaki, mai cizo da tsawa.

Bayan waɗannan akwai masu siffar sandar sabulu, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Siffar waje ba ta faɗin abin da ke ciki: yana iya zama naɗi ɗaya, ko biyu, ko salon P da aka ɓoye cikin murfi. Girmansu ma ba ɗaya ba ne. Kamfanin fikof na EMG na da 35 da 40 da 45, wato tsawon inci uku da rabi, huɗu, da huɗu da rabi. Kamfanin Bartolini na da nasa awon daban. Wanda ya fafe wa ɗaya rami ya ɗaure kansa da wannan awon. Ko a salon J ma, a tsarin Fender na tsirkiya huɗu na wajen jaki ya ɗara na wajen wuya tsawo da 'yan milimitoci, kada a fafe ramuka biyu da ma'auni ɗaya.

Abin da ba a cika magana a kai ba, kuma ya fi sunan kamfani tasiri, shi ne inda aka ajiye fikof. Tsirkiya ba ta girgiza iri ɗaya a duk tsawonta. Kusa da jaki motsinta kaɗan ne, siraran muryoyi ke rinjaye, sauti ya fito da kaifi amma ba nauyi. Can wajen wuya motsin ya fi faɗi, sauti ya yi zurfi da laushi. A shekarun 1970 Fender ya matsar da fikof ɗin baya na Jazz Bass kusan santimita ɗaya zuwa wajen jaki, kuma har yau makaɗa na bambanta sautin na shekarun 1960 da na 1970 saboda wannan ɗan matsin. Saboda haka wanda ke son sautin P ya auna wurin zaman fikof daga bes ta ainihi mai tsawo iri ɗaya, ya kwafa daidai, kada ya bar masassaƙi ya ajiye shi inda ya fi kyan gani.

Maganar maganaɗisu, alniko ya fi taushi, na seramik ya fi ƙarfi da kaifi, niyodimiyom ya fi su duka ja. Bambancin gaskiya ne, amma bai kai na iri da wurin zama ba. Lambar juriya da ake rubutawa a kwali, misali wajen 11k ga P, 7k zuwa 8k ga J (k na nufin om dubu, om kuwa ma'aunin juriyar wuta ne), tana nuna yawan wayar da aka naɗa ne kawai. Yawanta kan ƙara ƙarfi ya rage kaifi, ba ma'aunin inganci ba ne.

Haɗin P da J a bes ɗaya ya shahara domin yana ba da murya biyu. Matsalarsa ɗaya: P ba ya gurnani, don haka ba shi da abin da zai kashe wa J nasa. Mafita a sayi J ɗin da aka yi shi da naɗi biyu a ciki.

Mai batir ko marar batir

Masu marar batir hujjarsu sauƙi. Fikof, mamurɗi biyu ko uku, kafasita ɗaya, soket. Babu abin da zai mutu ana tsakiyar wasa, kuma duk mai gyaran rediyo zai iya bin wayoyin. Rauninta biyu ne. Mamurɗin sautinta ragewa kawai yake yi, yana zubar da kaifi, ba ya ƙara komai. Sannan doguwar waya tana shanye mata kaifi. Daga mita shida zuwa sama kunne na fara ji.

Masu mai batir hujjarsu iko. Firiyam yana ba ka damar ƙara ko rage zurfi da tsakiya da kaifi daga jikin jitar, kuma siginar da yake fitarwa ba ta damu da tsawon waya ba. Ga wanda ke wasa a wurare daban-daban, yau amfilifaya mai kyau, gobe kai tsaye cikin mikisar da ba a san halinta ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Firiyam ɗin Aguilar OBP-3 misali yana taɓa zurfi a 40 Hz, wato kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, tsakiya a 400 ko 800, ya danganta da abin da ka zaɓa. Na Sadowsky kuwa ƙarawa kawai yake yi a zurfi da kaifi, ba ya ragewa. Ba ɗaya ba ne, a duba wane ne ya dace da hannun mai kiɗa.

Akwai ruɗani guda da ya kamata a warware. Fikof mai batir daban, firiyam daban. Yawancin fikof ɗin EMG da aka sani suna da 'yar na'ura a cikinsu, ba sa aiki sam sai da batir. Amma ana iya haɗa fikof marar batir da firiyam, a saka mamurɗin da ake jawowa sama ya tsallake firiyam ɗin. A ganina wannan ne zaɓi mafi hankali ga bes ta oda: batir ya mutu, ka ja mamurɗi, kiɗa ya ci gaba. Da fikof mai batir babu wannan hanyar tsira.

Wanda ya zaɓi batir ya kula da abubuwa uku. Soket ɗin dole ya zama mai ƙafa uku, domin shi ne makunnin: cusa waya yana kunna firiyam, don haka barin waya a jiki dare ɗaya bayan ɗaya shi ke cinye batir. A yi wa batir akwatinsa daban mai murfin dannawa, saboda kwance sukurori huɗu kowane lokaci yana cinye ramukansu a katako, kuma batirin da ya yi yoyo kusa da firiyam ya gama da shi. Sannan batir biyu, wato bolt 18, ba sa ƙara ƙara. Sarari suke ƙarawa don kada sauti ya fashe idan an doki tsirkiya da ƙarfi, kuma sai firiyam ɗin da aka rubuta yana ɗauka. Alamar batir ya kusa ƙarewa ita ce sauti ya fara kakkaryewa a manyan bugu. Mutane da yawa sun zargi lasifika a kan wannan.

Ƙananan kayan da ke jawo babban ciwon kai

Mamurɗi yana da lamba. Ga fikof marar batir, 250k shi ne na al'ada ga P da J. 500k yana barin kaifi ya fi fitowa, shi ya sa ake haɗa shi da masu naɗi biyu. Fikof mai batir na EMG 25k yake so, kuma wanda ya haɗa 25k da fikof marar batir zai ji kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Na ƙara da rage murya a nemi wanda canjinsa ke tafiya daidai da jin kunne, wanda galibi ake sa wa harafin A, in ba haka ba duk canjin zai taru a gefe ɗaya na murɗawa. Na kamfanonin CTS da Bourns da Alpha duk suna aiki. Abin dubawa shi ne jiki: na Amurka wuyansu inci 3/8 ne, na Asiya sun fi siranta, kuma hular murɗawa ta wannan ba ta shiga ta wancan. Idan mamurɗin zai ratso ta katako ne daga baya, a nemi mai dogon wuya.

Kafasitar sauti 0.047 maikurofarad ita ce aka fi amfani da ita, 0.1 tana ƙara duhu idan an rufe mamurɗi. Lambar ce ke aiki. Masu sayar da kafasita ta musamman da ninkin kuɗi suna cewa ta fi daɗin murya, amma a wannan da'irar aikinta zubar da kaifi zuwa ƙasa ne, ta talaka mai lamba daidai ta isa.

Soket kuwa kada a yi masa rowa. Shi ne ake cusawa ana zarewa sau dubbai, kuma shi ke fara kawo ƙarar tas-tas. Buɗaɗɗen soket irin na Switchcraft idan ya saki ana lanƙwasa harshensa ya koma aiki. Mai siffar bututu ya fi kyan gani a gefen jita, amma in ya lalace sai dai a jefar.

Liƙin dalma yana da nasa ladabi. A yi amfani da ƙarfe mai zafin wat 40 zuwa 60 da dalmar lantarki mai ƙaro a ciki, ban da ruwan asid na masu liƙin bokiti, wanda ke cin waya a hankali. Kafin a liƙa waya a bayan mamurɗi, a kankare wurin har ya yi haske, a ɗora dalma kaɗan ta kwanta, sannan a kawo wayar da ita ma an shafa mata dalma, a haɗa cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Liƙi mai kyau yana sheƙi, a shimfiɗe. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo ya yi toka-toka bai kama ba. Ƙarfe mai rauni ya fi mai ƙarfi ɓarna, domin sai an daɗe ana dannawa, zafin ya ratsa ya ƙona cikin mamurɗin.

Gurnani da ziza: daga ina suke?

Surutu biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Gurnani mai zurfi yana zuwa ne daga filin maganaɗisun taransifoma da injuna, ya shiga naɗin fikof kai tsaye. Wutar Najeriya da Nijar da Gana, kamar ta Turai, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Muryar G a firet na uku na tsirkiyar E tana kaɗawa sau 49, kusan wuri ɗaya ke nan. Don haka mai bes ba zai iya yanke gurnanin daga mikisa ba tare da ya yanke naman sautinsa ba. Maganinsa fikof mai naɗi biyu.

Ziza mai kaifi kuwa, irin ta fitilun zamani da cajar waya da inbata, ita ake tarewa da garkuwa. A shimfiɗe ramin wayoyi da na fikof da tef ɗin jan ƙarfe mai gam ɗin da ke wuce wuta, ko fenti na musamman shafi biyu zuwa uku, har da cikin murfin, a tabbata murfi yana taɓa garkuwar ramin idan an rufe. Sai a haɗa garkuwar da wayar ƙasa ta soket. A gwada da mita: ƙafa ɗaya a jikin soket, ɗaya a kowane lungu na tef ɗin, ta yi ƙara ko ta nuna kusan sifiri. Garkuwar da ba a haɗa da ƙasa ba ado ce kawai. A kuma kula kada ƙafar mamurɗi mai ɗauke da sigina ta taɓa tef, in ta taɓa bes za ta yi tsit.

Akwai wata 'yar waya da ake mantawa har sai an gama fenti: wadda ke tasowa daga ramin wayoyi ta ɓullo ƙarƙashin jaki. A huda mata hanya tun katako na tsirara. A fere bakinta kamar santimita biyu, a baza zaren kamar tsintsiya, a ɗora jaki a kai a ɗaure. Idan jakin baƙi ne, a kankare fentin ƙasansa a daidai wurin. Gwajin yana da sauƙi. Ka taɓa tsirkiya ziza ta ragu, wayar na aiki, garkuwa ce ke son ƙari. Ka taɓa babu canji, wayar ba ta kama ba. Ka taɓa ta ƙaru, an juya wayoyin soket.

Sai dai wannan waya ita ce ke haɗa jikin makaɗi da jikin amfilifaya. A wurin da soket ɗin bango ba shi da wayar ƙasa, ko ana kan janareta da aka haɗa yadda aka ga dama, amfilifaya mai matsala na iya tura wuta cikin tsirkiya, musamman in leɓe ya taɓa makirfo hannu yana kan ƙarfe. Idan aka ji ɗan cizo, a tsaya a nemi mai gyaran wuta, kuma kada a taɓa karye ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya don kashe ziza.

Jaki: nauyi ko daidaito?

Tun da wani jaki mai nauyi da ake kira Badass ya shahara a shekarun 1970 ake cewa jaki mai nauyi na tagulla ko tutiya yana tsawaita sauti. Ɗaya ɓangaren kuma su ce faifai marasa adadi an naɗe su da lanƙwasasshen farantin ƙarfe na Fender, ba wanda ya yi kuka. Bambancin in akwai shi ƙarami ne, sauya tsirkiya ya fi shi fitowa fili. Abin da ya kamata a biya wa kuɗi shi ne sirdin da ba ya zamewa gefe, sukurorin tsawo da ba sa kwancewa da kansu, da isasshen fili na matsar da sirdi gaba da baya. Jakin da ake saƙala tsirkiya ta sama ba sai an zaro ta ta rami ba yana sauƙaƙa canji. Mai ratsa tsirkiya ta cikin gangar jiki kuwa yana buƙatar ƙarin tsawo, kuma lanƙwasarsa na iya ɓata tsirkiya mai sulɓi.

Wurin dasa shi ne aikin. A matso da sirdin G kusan ƙarshen gaba, a bar masa milimita biyu ko uku, a auna 864 daga fuskar matashi zuwa kansa. Sauran sirdin baya za su koma, E ta fi kowa nisa, domin tsirkiya mai kauri tana son ƙarin tsawo kafin muryarta ta yi daidai a firet na 12. Don daidaita hagu da dama, kada a bi layin tsakiyar gangar jiki. A ɗaura wuya tukuna, a ja zare biyu daga tsagin matashi na gefe zuwa sirdin gefe, a motsa jaki har ratar zare da bakin wuya ta yi daidai a ɓangarorin biyu. A kuma gwada kaurin gindin jaki da zurfin ramin wuya, wanda a tsarin Fender kusan milimita 16 ne. Jaki mai kauri a kan rami mai zurfi yana sa tsirkiya ta yi sama ko da an sauke sirdi ƙasa ƙurmus.

Launi ma magana ce: kurom ya fi jure gumi, ruwan zinariya shi ke fara goguwa.

Kunnuwa da rinjayen kai

Bes mai kyan sauti da kanta ke rinjaya ƙasa da zarar an saki wuya azaba ce, hannun hagu ya koma dako maimakon kiɗa. Kunnuwa suna can ƙarshen dogon wuya, don haka giram ɗari a nan ya fi giram ɗari a gangar jiki tasiri nesa ba kusa ba. Irin na alminiyam, kamar Hipshot Ultralite ko Res-O-Lite na Gotoh, kusan rabin nauyin tsofaffin na ƙarfe suke, kuma a bes mai tsirkiya biyar ko mai gangar jiki marar nauyi su ne ke raba daɗi da wahala. Ɗaya maganin yana hannun masassaƙi: ƙahon sama, inda maɓallin ɗamara yake, ya kai daidai firet na 12.

Ramin kunnuwa iri biyu ne aka fi sani, wajen milimita 14 ga ƙananan na zamani, wajen 17.5 ga manyan irin na Fender. A jera su a kan zanen kai a takarda a ga ko faffaɗan gindinsu ba sa hawa juna. Ƙananan sukurorinsu kuma su ne suka fi karyewa cikin katako mai tauri. A fara huda musu siririyar hanya, a goga musu sabulu ko kakin zuma, a ɗaure da hannu. Idan kan jitar miƙaƙƙe ne ba mai karkata baya ba, ana buƙatar ɗan ƙarfen da ke danne D da G don su zauna cikin matashi.

Wuya da hunturu

Tsirkiya huɗu masu lambar kauri 45 zuwa 105 suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 85, dare da rana. Sandar cikin wuya ita ke tare wannan. A zaɓi mai aiki ta fuska biyu, wadda ke iya lanƙwasa wuya gaba da baya, a kuma bar bakin murɗa ta a inda makulli zai kai ba sai an cire wuya ba. Wannan ya fi muhimmanci a inda damina ke cika katako da laima, hunturu kuma ya tsotse shi. Bes da aka ƙera a Legas aka kawo Kano ko Damagaram za ta motsa, kuma sau biyu a shekara za ta nemi gyara. Rubu'in murɗi a lokaci ɗaya ya isa, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. Ga tsirkiya biyar, sanduna biyu na zaren kabon a gefen ta ƙarfen suna ƙara tsauri ba tare da nauyi ba.

A lokacin sanyi ne allon wuya ke tsukewa, ƙarfen firet kuma ba ya tsukewa, sai bakinsu ya fito yana yankar hannu. A goge su da fayil a tsakiyar hunturu, lokacin da katako ya gama tsukewa, sau ɗaya ya wadatar. Ƙura kuma mamurɗai take shiga su fara kartar murya. Murfi mai rufewa sosai da feshin wanke kayan lantarki ke maganinta, ban da man inji. Matashi na ƙashi ne ko tagulla ko roba mai santsi, tasirinsa a kan buɗaɗɗiyar tsirkiya kawai yake, zurfin tsaginsa ya fi abin da aka yi shi da shi muhimmanci.

Bayan an haɗa komai, saiti yana da jeri, kuma tsallake shi na sa a zargi kayan da ba su da laifi. A fara da wuya: a danne firet na farko da na ƙarshe, ratar tsirkiya a tsakiya ta zama wajen milimita 0.3. Sai tsawon sirdi: a firet na 17, kusan 2.4 ƙarƙashin E, 2 ƙarƙashin G. Sai matsar da sirdi gaba ko baya har muryar firet na 12 ta dace da ta buɗaɗɗiyar tsirkiya, wato murya ɗaya ce amma ta sama. In ta yi sama, a ja sirdi baya. Fikof ne na ƙarshe: a danne firet na ƙarshe, a bar kusan milimita 3 a gefen E, 2.4 a gefen G. In ya matso fiye da haka, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, a ji muryar tana rawa kamar biyu ne ke faɗa da juna, musamman a saman wuyan E. A sauke shi rabin murɗi, a sake saurara.